Kada Ki Sauko Ranar Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Takarda daga hannun mahaifinki a unguwar Misfala ta Makka, zuwa ga Uwata a gidan innarki Safiya da ke Ɗa'ifa. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gidan, ina fata sanyin dutse bai takura miki ba. Ni ina nan. An sallamo ni daga asibiti, ina cin abinci, ina salla a zaune.

Masu karantawa su yi haƙuri da "Uwata", sunan mahaifiyata aka sa mata, ba na iya kiransa. Na ce masu karantawa domin na roƙi maƙwabcinmu Malam Haruna tela ya ɗora takardar nan a waya, wurin da mutanen unguwa suke zuba maganganunsu. Akwai abin da ake faɗa a kanki, kuma na fi so a ji amsa daga gare ni. Ke kuwa na rubuto miki ne don a waya ba na samun gama magana. Da kin ji muryata sai ki fara tambayar sukari.

Shekaranjiya da kika kira, abokan aikinki na asibiti sun riga ni gaya miki an cire mini yatsan ƙafa. Kika ce wane yatsa, ƙafar hagu ko ta dama, har ina aka yanke, wane magani aka ba ni, wa yake canza bandeji. Na amsa duka. Sannan kika ce za ki sauko ranar Asabar, kika kashe. Na san muryar. Ita nake ji idan an kira ki daga asibiti kina tsakiyar cin abinci. Ban yi fushi ba, na dai daɗe riƙe da wayar.

Kada ki sauko ranar Asabar. Saƙon ke nan, sauran duk bayani ne.

Likita ya rubuta miki ijaza don ki huta, kuma hutun bai yi nisa ba. Na san abin da zai faru in kika taka Makka. Za ki ce ƙafata kawai kika zo dubawa. Labari zai kai ga shugabar ɗakinku na asibiti. Ga azumi ya gabato, masu Umra sun fara cika gari. Za ta kira ki ta ce, ya binti, 'yan kwanaki kawai, ba mu da mai Hausa. Ke kuma ban taɓa jin kin ce mata a'a ba.

Kina ƙarama nake zaunar da ke a kan tabarma bayan la'asar, ina koya miki karatun boko irin wanda aka koya mana a elementare kafin in baro gida. 'Ya'yan maƙwabta suna jin Hausa su amsa da Larabci, ke kuwa kina karanta wa tsofaffin unguwa wasiƙun da aka aiko musu daga Kano da Maraɗi. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, takan ce, wannan yarinya Hausarta ta fi tawa, ni da aka haifa a Jarwal, nan cikin Makka. Ranar da kika fara aikin jinya na yi murna ƙwarai. Na ce alhazanmu sun sami wadda za ta ji kukansu.

Sun kuwa samu. Kina da gadajenki kamar kowace sista, amma duk inda aka kwantar da Bahaushe a asibitin nan, ke ake nema. Ki bar naki majinyatan ki tafi, ki dawo ki tarar da aikinki yana jiranki, babu wanda ya rage miki. Ranar hutunki ma waya ba ta hutawa. Na sha jin ki a kicin, cokali a hannu, kina gaya wa wanda ba ki taɓa gani ba cewa za a yi masa aiki a ciki, ya sa hannu.

Ban san lokacin da abin ya fara ba. Na dai lura kin koma cin abinci a tsaye. Ki dawo daga dawam, wato aikinki, in ji tsayawar mota a ƙofar gida, in jira, shayi ya huce ba ki hau ba. In leƙa ta taga in gan ki zaune a ciki, hannuwa a kan sitiyari. Daga baya kika daina raka ni Harami. Kika ce ba kya son jin sanarwar sallar gawa da ake yi bayan an idar da farilla, wai sai ki riƙa tunanin ko daga wane gado aka ɗauko.

Wata rana kika ba ni labarin wani tsoho da ya ƙi magani har ya rasu, ɗansa ya zo ya yi miki godiya yana murmushi. Kin ba da labarin kamar mai karanta takardar lantarki. Na ce, Allahu Akbar, ya dace. Kika dube ni, kika ce, na'am Abuya, ya dace, kika kwashe kwanuka. Har yau ina ganin ya dace ɗin. Abin da kike so in ji a labarin ne ban ji ba a ranar.

Sai kika bar yin Hausa. Da farko a waje. Wata baƙuwa ta tare mu a bakin kanti tana tambayar hanyar Harami, kika amsa mata da Larabci, kika nuna da hannu, kika wuce. Daga nan har a gida. Ina yi miki Hausa kina mai da mini da Larabci, kamar sauran 'ya'yan unguwa.

Ranar ƙarshe kin yi sallar asuba, kika zauna a kan darduma. Rana ta fito, ta shigo ɗaki, kina nan. Wayarki tana ta ƙara a kan tebur har ta gaji. Na ce, Uwata, lafiya? Kika ce lafiya, ƙafafunki ne ba ki san yadda ake gaya musu su tashi ba. Ba ki yi kuka ba. Na so a ce kin yi. Na kira innarki, ta zo, suka kai ki wurin likita, daga can sai Ɗa'ifa.

To, ga abin da abokan aikinki ba su gaya miki ba.

Ƙafar nan ban san na taka komai ba. Malam Haruna ne ya shigo da rana, ya ce, Alhaji, wani abu ya mutu a ɗakin nan, ko ɓera ne? Muka duba ƙarƙashin gado, muka duba bayan firiji. Sai da na cire safa muka gane. Ya sa ni a mota. Aka kwantar da ni a ɗakin maza, ɗakinku. Likita ya ce irin wannan ƙafa haɗarinta shi ne ba ta ciwo, mutum yana ta tafiya a kanta har ta lalace. Aka cire yatsan. Ban ji komai ba, kafin da bayan.

Sista Shahida, 'yar Indiyar nan da kike yawan ambata, ita ta gane ni. Ta ce wa sauran, wannan baban Hausa ne. A nan na san ba a kiran ki da sunanki a wurin. Hausa ake ce miki. A kira Hausa, ina Hausa, Hausa tana ijaza.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo daga wajen garin Tawa, ya zo Umra da matarsa, zafi da ciwon ƙirji suka kayar da shi. Sau da yawa Shahida tana sa masa ƙarin ruwa, tana juya baya ya zare allurar. Jini a zanen gado, ta canza, ta nemi wata jijiya. Tana yi masa Larabci yana yi mata Hausa. Na ga abin ya yi yawa, na sa baki. Ya juyo da murna, ya ce, ashe da ɗan'uwa a nan! Ɗan'uwa, don Allah gaya wa yarinyar nan ta bar ni. Ni ban zo don in koma ba.

Na gaya mata. Ta ce, Baba, gaya masa in ya mutu babu ruwa a jikinsa ni za a tambaya. Na gaya masa. Ya ce, ce mata Allah ba zai tambaye ta ba. Ta ce, ce masa kafin Allah akwai shugabar ɗaki. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya bar allurar zuwa la'asar don ta ba shi dariya, sannan ya zare.

Daga ranar aka gane ina da amfani. Shahida takan zo da keken marasa lafiya, ta ce, Baba, minti ɗaya. A tura ni wannan gado, a tura ni wancan. Wani ya ɓoye ciwon sukarinsa tun daga gida don kada a hana shi tahowa. Wani yana so a sallame shi ya je ya ƙarasa ɗawafi da robar fitsari a jikinsa. Wani ba ya son komai, yana so ne kawai a zauna a ji sunayen 'ya'yansa. Ina magana Shahida tana duba agogo, don nata majinyatan suna can suna danna ƙararrawa. Na ga ƙafafunta sun kumbura sun cika takalmi. Na gan ta tana cin biskit a bayan ƙofa, da sauri, kamar wadda ta sato.

Dattijon Tawa ya cika bayan azahar, rana tsaka. Sun taru a kansa, sun danna ƙirji, Shahida tana zufa har hijabinta ya jiƙe. Da suka haƙura aka turo kekena zuwa bakin ƙofa, inda matarsa take zaune a ƙasa da ledar dabino. Likita ya yi dogon bayani da Larabci, ya dube ni. Duk bayanin nan a Hausa kalma biyu ne, na faɗa mata su.

Ta ce, Alhamdu lillahi. A Harami za a yi masa salla? Na ce a Harami. Ta ciro waya daga ƙugu, ta kira gida, ta miƙo mini. Ta ce, Malam, faɗa musu da bakinka, kai ne shaida, kada wani ya ce a hanya ya mutu. Na faɗa. Na ji kabbara daga can, maza da mata, wani yana cewa Baba ya samu, Baba ya samu. Da aka kashe wayar ta riƙa juya ledar dabinon. Can ta ce, to ni yanzu wa zai mai da ni masauki? Shi ya san sunan wurin.

Da aka dawo da ni ciki, Shahida ta riga ta yaye zanen gadon. Babu wanda ya ce mata sannu. Waɗanda ya bari suna murna, likita ya wuce, ita kaɗai ce abin ya faɗo wa a matsayin asara, kuma ba ta da lokacin tsayawa. Kafin magariba an kawo wani alhajin, ɗan Turkiyya.

Ban tsaya a kan dattijon Tawa ba. An sake tura ni bakin ƙofar nan, an kuma sake. A karon farko na kasa cin abinci. Daga baya na lura ina faɗin kalmomin nan biyu, a dawo da ni gado, in buɗe shinkafata in cinye tas, har in tambayi ko akwai ƙarin yogot. Na duba zuciyata ban tarar da komai ba, babu baƙin ciki, babu tausayi, babu ko kunyar rashinsu. Ni 'yan kwanaki na yi, a zaune, ba na ɗaga kowa, ba na wanke kowa, ba a tambayata in wani ya mutu. Ke shekaru kika yi, a tsaye.

Ranar da za a sallame ni shugabar ɗakinku ta zo da kanta. Mace mai kirki, ita ma idanunta sun faɗa. Ta yi mini godiya, ta ce in gaishe ki, ta ce yaushe Hausa za ta dawo. Na ce ban sani ba. Ta ce gadaje suna ƙaruwa, hannuwa ba sa ƙaruwa. Ban ga laifinta ba. Amma ni 'ya ɗaya gare ni.

Yanzu ga mutanen unguwa, ki yi haƙuri in juya gare su kaɗan. Na ji ana cewa, wa yake gajiya da hidimar baƙin Allah? Na ji ana cewa kin gudu kin bar lada, kin bar tsoho shi kaɗai har ƙafarsa ta ruɓe. Wata ma ta ce aljanu ne, a kai ki ruƙiyya. Ni ma na yi hidimar alhazai da ƙuruciyata, na tura su a keke tsakanin Safa da Marwa har tafin hannuna ya yi kanta. Amma ina sauke su ne a Marwa da ransu, su sa mini albarka, in tafi in sha ruwa. Wanda yake ganin ba a gajiya, ɗakin yana nan, ana neman mai Hausa, ba sai da takardar makaranta ba tunda ni ma an karɓe ni. Ƙafa kuwa tawa ce, ni na taka abin da na taka. Wannan ya ishe su.

Ba zan ɓoye miki ba, gidan ya yi girma. Ina tashi in dafa shayi, in zauna, in ji kiran salla, in yi, in sake zama. Wani lokaci yini guda ban yi magana da kowa ba sai Malam Haruna in ya leƙo da abinci. Ba na jin daɗi, ba na jin rashin daɗi. Ina so in gan ki. Amma in kika sauko, sista ce za ta shigo gidan nan da almakashi da auduga, ta durƙusa a gaban ƙafata ba ta dubi fuskata ba, daga nan ta wuce asibiti. Ina da masu yi mini wannan a ƙaramin asibitin unguwa, kuma sun iya.

Saboda haka ni zan hau.

Na san abin da za ki ce. Tun da muka kai mahaifiyarki maƙabartar Shara'i ban ƙara kwana a wajen iyakar Harami ba. Bikin 'yar ƙanena a Jidda ma kin tuna da yamma na sa aka dawo da ni, ana ta yi mini tsiya, wai Alhaji yana tsoron Mala'ika ya zo Misfala bai same shi ba. Gaskiyarsu ne. Abin da dattijon Tawa ya tsallako ƙasashe yana nema, ni ina zaune a kansa, ina gadinsa, ba na so in matsa ko taku ɗaya. Na yi shekaru ina ganin kaina a cikin sahun gawawwakin nan da ake shigarwa Harami bayan farilla, daga nan a kai ni kusa da mahaifiyarki.

Na yi magana da Malam Haruna, zai rufe shago ranar Asabar da safe ya kawo ni ta hanyar Hada. Ya tambaye ni ko na tabbata, har sau nawa ban ƙirga ba. Likita ya ce jikina ba na doguwar tafiya ba ne, na ce Ɗa'ifa ba doguwa ba ce. Zan zauna har hutunki ya ƙare. In kin ga bai isa ba, a ƙara. In kin ga ba za ki koma ɗakin nan ba har abada, na yarda, kuma na sa albarka, kowa ya karanta ya gani. In kuma wata rana kika ji kina son komawa, ki koma don kanki, da sunanki.

Ina da sharaɗi. Ba za ki ga ƙafar ba. Zan sa safa, mijin innarki zai riƙa kai ni a canza bandeji a can. Ba za ki auna ni ba, ba za ki tambayi me na ci ba, maganina yana aljihuna kuma na san lokutansa. In kin ga dama ki yi mini Hausa, in ba ki ga dama ba Larabcina ya isa shan shayi. In ba kya son magana ma sai mu zauna. Na ƙware a zama.

Saura abu ɗaya, kuma ina so innarki ta ji. Idan ajali ya riske ni a can, kada a ɗora miki neman mota da takardu don a sauko da ni. A binne ni a Ɗa'ifa, ƙasar Allah ce. Kada kowa ya ce miki saboda ke na rasa Makka, da ƙafata na fita, da abin da ya rage na ƙafar. Kuma ba ke za ki kira gida ki faɗa ba. A nemi wani ya faɗa.

Ina jin tsoro kaɗan, Uwata. Na daɗe ban ji wani abu sosai ba, shi ya sa ban ƙi shi ba.

Allah ya sauke miki abin da kika ɗauka, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Allah ya ba ki barci mai nauyi da yunwa mai kyau. Allah ya dubi Shahida da sauran 'yan'uwanki da suke tsaye yanzu haka, ya kawo musu hannuwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya jiƙan dattijon Tawa, ya kai matarsa gida lafiya. Allah ya yi miki albarka. Amin.

Ki ce wa innarki ta ba ni ɗakin ƙasa, matakala ta fi ƙarfina.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Isiyaku, Misfala, Makka.